Na Je Kudu Ƙirga Ciyawa

Ruwan sama ne ya tare ni a Fatakwal, ba mutum ba. Wanda aka ce zai zo tasha ya ɗauke ni wayarsa a kashe take, sai na saɓa jaka, na rungumi damin turaku da igiya, na shiga keke zuwa unguwar Mile One. Mai keken ya yi ta leƙen damin ta madubi har muka isa. Ni ma ban fasa kallon ƙeyarsa ba, don tun a gida an cika mini kunne cewa a Kudu kada in yarda da kowa, kuma ni dama ba mai saurin yarda ba ne.

Malami ne ni a wata kwalejin koyon aikin gona, karatun digiri na biyu ne ya kai ni can. Abin da nake bincike a kai ba shi da wuyar faɗa, yarda da shi ce ke da wuya. Idan ƙasa ta sha wahala, mai ya malale a kanta, ko ambaliya ta shafe ta, ko shanu sun tattake ta har ta zama kamar daɓe, wace ciyawa ce ke fara dawowa, wace ce ke biyo bayanta, wace ce kuma ba a sake ganin ta? Yadda ake yi shi ne ka kafa turaku huɗu, ka zagaye su da igiya, ka bar abin da ke ciki ya fito yadda ya ga dama, kana zuwa kana ƙirgawa. Sharaɗin ɗaya ne: kada hannu ya taɓa wurin har ƙarshen damina, domin yawancin ciyayi ba a tantance su sai sun fitar da kai. Wannan ƙirgar ta ƙarshe ita ce aikin. Damina ɗaya kwaleji ta ba ni, kuma malamin da ke duba aikina ya gaya mini ba ƙari. In na koma hannu Rabbana, karatun ya tashi ke nan.

A Mile One na sauka wurin Alhaji Sabi'u, dillalin albasa, abokin kawuna. Ya sama mini tabarma a ɗakin wasu mahauta, ya sa aka kawo mini tuwo, sannan ya tambaye ni abin da ke tafe da ni. Na gaya masa gaskiya tsakani da Allah. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga mutumin da ya baro Arewa don ya ƙirga ciyawa. Amma da na zaro tef ɗin awo daga jaka, sai dariyar ta ɗauke. Ashe a lokacin ana ta raɗe-raɗin za a rushe rumfunan wajen, kuma duk wanda aka gani da abin awo ɗan leƙen asirin gwamnati ne.

Na samu fili a bayan Kasuwar Oil Mill, inda aka ce tankar mai ta taɓa kifewa. Ƙasar baƙa wuluk, tana wari, sai aya-aya da kiri-kiri da suka fara leƙowa daga gefe. Mutum uku ne suka zo mini daban-daban, kowa ya ce filin na ubansa ne, kowa ya ba ni izini, kowa ya ce sauran biyun 'yan damfara ne. Na sallame su duka, don ban san wanda zan tsallake ba. Akwai wata mai gasa agada a bakin titi da ke jawo ni ƙarƙashin lemarta in ruwa ya tsuge, wata rana har ta miƙo mini gasasshiya ɗaya da manja ta ce in ci. Na karɓa na yi godiya, amma ban ci ba. Na yi ta tunanin me ya sa ni ta zaɓa a duk masu wucewa.

A ɗakin mahauta kuwa hira ta daina yin daɗi. Ina shiga sai a yi tsit, ko a koma zancen ƙwallo. A masallaci ana gaisawa da ni da kan yatsu. Wata safiya na buɗe ƙofa zan tafi filin, sai ga turakuna a jingine da bango, an wanke musu laka, an naɗe igiyar tsaf an ɗora a kai. Babu ɗan gari da ya san inda nake kwana, saboda haka na san aikin namu ne. Na tambaya, kowa ya ce bai ga komai ba. Na je wurin Alhaji Sabi'u. Cewa kawai ya yi akwai motar albasa da za ta bi ta Anacha, ya riga ya yi wa direban magana.

Anacha ta fi Fatakwal hayaniya. A Head Bridge, kasuwar bakin babbar gadar kogi, mutum ba ya jin muryar kansa saboda ƙahon tireloli da okada. Kayana ba sa bushewa, takalmina ya fara funfuna, kuma a nan ne matata ta kira ta ce an yi ruwan shuka a gida, ƙanena ya fita da iri. Na zauna a kan buhun wake na wasu ina jin ƙamshin ƙasarmu a hancina, alhali kwatami ne a gabana. Kewa ta kama ni sosai a ranar, har na kasa cin abinci.

Wannan karon ban gaya wa Hausawan wurin komai ba. Na gangara ni kaɗai zuwa gaɓar kogi, can ƙasa da gada, inda ambaliyar bara ta bar yashi da laka. Wuri ne mai kyau ga aikina, kamar an share mini allo. Ina tsugune ina buga turke na ji inuwa a kaina. 'Yan banga ne, da sanduna, ɗaya da adda.

"Aboki, where your cow?" in ji babbansu.

Na ce ba ni da saniya ko ɗaya. Na yi musu bayani da Turancin da na fi iyawa, amma ina ƙara bayani abin yana ƙara lalacewa. Mutane suka taru. Wata mata ta ce asiri nake binnewa, wani ya ce ana aiko irinmu ne mu yi wa makiyaya alama kafin su iso. Da igiyata suka ɗaure mini hannu. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba, har na fara kalmar shahada a zuci.

Wani mai sayar da doya ne ya ruga ya kira Alhaji Ɗanlami, dattijon Hausawan kasuwar, wanda a Anacha aka haife shi, haka ma mahaifinsa. Ya iso a kan okada, babbar riga a tattare. Ya shiga yaren Ibo da su kamar ɗan gida, har ana dariya ana tafawa, ni kuwa ina zaune a ƙasa ina ayyana cewa cinikina yake yi da su. Can aka kwance ni. Da muka isa shagonsa, ya sa aka ba ni ruwa na wanke fuska.

"Malam, turke a idon mutanen nan ba ciyawa yake nufi ba, shanu yake nufi," in ji shi. "Kai gobe ka koma garinku. Mu a nan aka binne iyayenmu, kuma in wuta ta tashi rumfunanmu za ta ci."

"Baba, ai gaskiya na faɗa musu."

"Gaskiyar taka ce ba ta yi kama da gaskiya ba. Wa zai yarda magidanci da gemunsa ya baro iyali da damina don ya ƙirga ciyawa? Ka wuce Inugu, zan haɗa ka da Wakilin Hausawan can. In ka je ka ce lambu za ka yi. Lambu kowa ya san shi."

Na isa Inugu damina ta yi nisa, kuma na san wannan ce dama ta ƙarshe. Zangon Hausawan da na sauka yana gefen tsohuwar karar shanu. An mayar da shanun bayan gari, aka bar filin fayau, ƙasar ta daskare saboda tattaka. Wani ɓangarensa yana cikin shingen langa-langa na masallaci. Na durƙusa na gaida Wakili, Malam Buba, na ce ina roƙon a ara mini wurin in yi ɗan lambu. Ko tambaya ta biyu bai yi mini ba. Ya ce Allah ya sa albarka, in ya yi kyau kada in manta da miyar liman. Na kafa turakuna da rana tsaka, mutane na wucewa suna yi mini sannu da aiki.

Ciyawar ba ta ba ni kunya ba. Tuji ne ya fara fitowa a inda ƙasa ta fi tauri, sai guɗe-guɗe, sai zaƙi-banza a wuraren da kashin shanu ya taru. Wata safiya na ga ganyen da ya sa na zauna daɓas a ƙasa: tafasa ce, irin ta bayan gidanmu, ga kashin-yawo kusa da ita. Shanu ne suka zo da irinsu daga Arewa, a ciki da kuma a jela. Daga wajen shinge kuma wani ganye mai wari da ba mu da shi a gida yana rarrafowa yana neman rufe su. A nan na ga zuciyar aikina: tsakanin baƙin da shanu suka kawo da 'yan ƙasar, wa zai riƙe filin a ƙarshen damina? Na kira malamina na gaya masa, ya ce in na kawo ƙirgar ƙarshe, shi zai tsaya mini.

A shago ɗaya nake kwana da masu baro da 'yan dako, duk mutanen karkara da suka baro gonakinsu a hannun 'yan'uwa. Babbansu shi ne Ilu, daga wani ƙauye a bayan Kazaure, ya girme ni da kaɗan, kuma ya cika tambaya. Yaushe za ka share? Wane iri za ka zuba? Me kake tsugunawa kana rubutawa? Na ce ƙarfin ƙasar nake dubawa tukuna. Ya ce shi dai bai taɓa ganin manomin da ke gaida ciyawa kowace safiya ba, sauran suka bushe da dariya. Ya ce in ba shi fartanya ya share mini bayan la'asar, na ce a'a, na gode. Bayan 'yan kwanaki ya sake tayi, na sake ƙi, har da ɗan ɗaure fuska. Daga nan na fara lura in na shigo shago suna ƙus-ƙus sai su yi shiru. Na ce a raina abin Fatakwal ne zai maimaita kansa, kuma Ilu ne ke kai rahotona wurin Wakili.

Sai kuma tsohon. Wani dattijon Ibo ne mai gida a bayan shingen, kullum da safe yana tsaye da sandarsa yana kallon abin da nake yi ta inda langa-langar ta ɓalle. Wata rana ya gaishe ni da Turanci mai tsabta, ya tambaye ni ko sau nawa nake ƙirgawa a mako, har ya ambaci sunan wannan salon awo kamar yadda yake a littafi. Ina ya san wannan? Wa ya turo shi? Na tuna igiyar da aka ɗaure ni da ita a Anacha, na ce masa lambu ne kawai, na juya masa baya. Da yamma na tara su Ilu na ce tsohon can ya sa wa filin masallaci ido, kada su bar shi ya kusanci wurin, kuma duk abin da zai faɗa kada su saurare shi. Wannan maganar ta shige su fiye da duk wadda na taɓa yi. Ilu ya buga ƙirji ya ce in bar shi da su.

Ciyawa ta fara ɗaukar ciki za ta fitar da kai, ni kuma zazzaɓi ya kayar da ni. Da farko na yi ta maza, ina shan ƙwayoyin kemis ina lallaɓawa filin, har ranar da na yanke jiki na faɗi a ƙofar masallaci. An ce Ilu ne ya goya ni zuwa bakin titi. Na farka a wani ƙaramin asibiti ana ƙara mini ruwa. Kowace safiya kafin ya fita da baro sai ya zo da koko da ƙosai, ya zauna a bakin gado har in shanye. Ni kuwa ba abin da nake tambaya sai filin. Ya ce lambu lafiya lau, in kwantar da hankalina, tsohon ma ba ya samun fuska. Yana faɗa yana wani murmushi da ban so ba, amma ba ni da ƙarfin bin diddigi. Na kwanta ina lissafin cewa in an sallame ni, daidai lokacin ƙirga ya yi.

Ranar Lahadi aka sallame ni, ranar da kasuwa ba ta ci a garin. Tun daga bakin zango na jiyo kalangun mahauta. Na ɗauka biki ake yi. Ilu ya karɓi ledar magungunana, ya riƙe ni a kafaɗa, maimakon shago sai ya nufi bayan masallaci da ni. Mutanen shagonmu duk suna can, da wasu da ban ma sani ba, riguna a cire, jiki duk gumi da jar ƙasa, kowa da fartanya ko adda. An ɗora babbar tukunyar shinkafa da wake a gefe. Wakili na zaune a kan benci da carbinsa.

Gayya suka yi mini.

Turakuna na nan daram, igiyoyin a miƙe, ba a tsinka ko ɗaya ba. Abin da ke cikinsu ne babu. An nome tas, an kafce ƙasar da shanu suka daskarar, an ja kunya-kunya a miƙe kamar da zare. Tuji da guɗe-guɗe da tafasar da na yi wata da watanni ina bi, an tara su a gindin shinge, ragunan liman na ci. Na dafa turke na tsuguna. Suka ɗauka ciwon ne, wani ya ruga ya kawo mini kujera.

Ilu ya tsuguna kusa da ni ya yi mini bayani, fuskarsa fal farin ciki. Tun tuni suka gane matsalata, in ji shi: malamin boko ne ni, hannuna bai saba da fartanya ba, kunya kuma ta hana ni karɓar taimako. Sun san in sun sake tambaya zan sake cewa a'a, kamar yadda kowane mai kunya zai yi, shi ya sa suka yi ta shirya abin a ɓoye, suna aron fartanya ɗaya-ɗaya. Da na kwanta ciwo kuwa sai suka ga ba sauran jira, ko alayyahu a samu kafin ruwa ya ɗauke. Wani daga cikinsu, mai furfura a gemu, ya ce rabonsa da gayya tun kafin ya zo Kudu, yau ji ya yi kamar yana gida. Ya faɗa yana share ido da bayan hannu.

"Kuma Malam, maganarka ta fito," in ji Ilu. "Muna farawa tsohon nan ya fito yana ta ɗaga sanda, wai mu tsaya, no be farm, no be farm, wai ba gona ba ce, aikin makaranta ne, shi ya koyar da irinsa kafin ya yi ritaya. Har shingen ya nemi tsallakowa. Muka tuna abin da ka gaya mana, muka kora shi gida."

Na ɗaga kai. Tsohon na tsaye can nesa a ƙofar gidansa, ya dogara da sanda. Muka haɗa ido, ya kaɗa kai, ya shige ciki.

Baƙin ciki ya rufe ni, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa. Damina ta zo ƙarshe, karatuna ya ƙare tare da ita, kuma ga mutum sama da ashirin a tsaye suna jiran su ga na yi murna. Wakili ya gyara murya ya ce, "To, Malam, sai ka sa musu albarka." Duka suka ɗaga hannu. Na ɗaga nawa, na yi musu addu'a, Allah ya mayar da kowa gonarsa lafiya, suka ce amin suka shafa.

Ilu ya kwance wani ƙullin leda daga aljihunsa, irin alayyahu ne da ya sa aka kawo masa daga gida a motar shanu. Ya zuba mini a tafin hannu ya ce ni zan fara, tunda lambuna ne. Mai kalangu ya ɗora kiɗa. Na tsallaka igiyar, na tsuguna a kan kunyar farko, na zuba.